Tabarau na bakin titi ba ya gyara ido

Yau maganar ido za mu yi, musamman ku masu tuƙin dare.

Kun ga tabaran nan mai ruwan ɗorawa da ake tallarsa a bakin titi, wai na tuƙin dare ne? To, duk gilashi mai launi rage hasken da ke shiga ido yake yi, alhali da dare hasken kake nema. In fitilun motoci na tarwatse maka, ko kana ganin allon hanya dishi-dishi, wataƙila gilashin da aka auna maka kake buƙata, ko kuma yana ce ta fara. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Yanzu ka tuna mai babur ɗin da ba ka hango da wuri ba.

Sannan wuni kan waya na rage ƙiftawa, ido ya bushe, da dare fitilu su ƙara kashe maka shi. Duk minti 20, kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20.

Don Allah a je a auna ido. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano. Sai shiri na gaba.