Akwatin Kwamfuta a Ƙasar Zafi da Ƙura

Yau sharhinmu na matasan Gazawa, Aguié da Gidan Rumji ne, masu sayo kayan kwamfuta daga Maraɗi ko Katsina su haɗa da hannunsu.

Da yawa kan zuba kuɗinsu a kan ƙwaƙwalwar na'ura, su ɗauki akwatin da ya samu. A nan ɓarnar take farawa. A watan Afrilu da Mayu zafinmu kan haura digiri 40, ita kuwa ƙwaƙwalwar idan ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu ko ta kashe kanta.

Don haka ka zaɓi akwati mai raga a gaba, kada gilashi da fitilu masu launi su ruɗe ka. Ka sa fanka biyu masu faɗin milimita 120 suna jawo iska ta gaba, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan iskar da ke shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun kutsowa ta ramuka.

Lokacin hunturu, ka buɗe matatar ƙurar akwatin ka gani: jar ƙasa ta liƙe ta kamar bargo. Ka wanke ta akai-akai, ka ɗora akwatin kan tebur, nesa da ƙasa.

Wajen sanyaya ƙwaƙwalwar kuwa, mai sanyaya da ruwa yana da kyau, amma idan famfonsa ya mutu, gyaransa sai birni. Babban ƙarfen sanyaya mai fanka ya fi dacewa da mu.

Rigakafi ya fi magani. Mu kasance lafiya.