Ɗan Aike Cikin Jini: Yadda Tumbin Dabba Ke Karɓar Umarni



Duk wanda ya taɓa bin makiyaya a gefen dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari ya ga saniya kwance a inuwa tana tuƙa. Mahauci kuwa ya san cikinta ɗaki huɗu ne, kuma na huɗun kaɗai ke fid da ruwa mai tsami na narkar da abinci. To, wa ke gaya wa wannan ɗaki ya ƙara ko ya rage?

Da fari masana sun ɗauka jijiyoyi kaɗai ke ba da umarni, bisa binciken Pavlov na Rasha a kan karnuka. A 1902 Bayliss da Starling, a Landan, suka nuna hanji kan saki wani sinadari da ke kai saƙo ta cikin jini. A 1905 Edkins ya gano irinsa a tumbin kyanwa, ya kira shi gastirin. An daɗe ana musu, har 1964 da aka tace shi daga tumbin alade.

Ga yadda abin yake. Idan abinci ya iso, ƙarshen tumbi kan saki gastirin, ya bi jini ya dawo ya ta da ƙwayoyin da ke yin tsami. Idan tsamin ya kai matuƙa, wani sinadarin ya tsawata, aiki ya lafa. Kare kan yi haka lokacin ci; saniya kuwa dare da rana, domin abinci ba ya yanke wa ɗakinta na huɗu.

Ina ruwan makiyayi da wannan? Da damina tsutsa mai shan jini kan zauna a ɗakin nan na tumaki da awaki. Tsami ya ragu, gastirin ya yi ta kira babu amsa, dabba ta rage ci, ta rame ga ciyawa shar a gabanta.

Turawa sun kira irin wannan sinadari homon, daga kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa. Ni, malamin Hausa, shawarata mu ce ɗan aike, domin ilmin da makiyayi bai ji da harshensa ba, ba zai ceci garkensa ba.