Magunguna Da Aikin Kowannensu: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Maganar yau a kan magungunan asibiti ce, domin talakawa da yawa suna zaton kowace ƙwaya tana warkar da kowane ciwo. Ba haka ba ne. Magani jinsi-jinsi ne, kowanne da aikinsa.

Na farko su ne masu kashe ƙwayoyin cuta, kamar fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan cikin 1928. Su akan ba mai ciwon huhu ko mai gyambon da ya ruɓe, amma ba su yi wa mura kome. Mai tarin fuka yakan yi wata 6 yana shan nasa. Kadan ya daina don ya ji sauƙi, ciwon yakan komo, sa'an nan maganin ya ƙi ci.

Na biyu maganin zazzaɓin cizon sauro. A da kulorokwin aka sani, amma cutar ta saba da shi, saboda haka cikin 2005 Nijeriya ta koma ga haɗin magani mai atemisinin, wanda akan sha kwana 3. Lalle a gwada jini tukuna.

Na uku masu rage zogi da zafin jiki, kamar farasitamol. Su ba su cire cuta. Jikin yaro yana iya yin sanyi alhali kuwa cutar tana cinsa. In ya yi yawa kuma yakan lalata hanta.

Na huɗu rigakafi, watau wanda akan yi wa mai lafiya don kada ya kamu. Da lamba aka kau da agana daga duniya, aka tabbatar da haka cikin 1980. Ƙyanda da sanƙarau su ma suna da allurarsu.

Na biyar masu danne ciwon da ba ya barin mutum, kamar hawan jini da ciwon sukari. Waɗannan ba a barinsu sai likita ya ce.

To, abin da ake roƙon hakimai shi ne su gargaɗi dagatai da masu unguwa, su kuma su ja kunnen jama'arsu. Kada a sayi ƙwaya wurin masu talla a kasuwa ko cikin mota, kada kuma mutum ya ba ɗan'uwansa ragowar tasa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar magani a jikin kwali. Malaman hakimai kuwa su riƙa karanta wannan takarda duk ranar da dagatai suka zo gaisuwa.