Abin Da Na Samu A Cikin Waƙar Imfiraji

 

'Yan uwa matasa, wani a cikinku ya tambaye ni ko ya dace mai kishin addini ya nemi sanyin zuciya a cikin waƙa. To, zan amsa da abin da ya faru da ni.

Lokacin da Allah Ya yi wa mahaifiyata rasuwa, na yi makonni ba na barci. Na san ayoyin haƙuri, har nakan karanta wa wasu a wajen ta'aziyya, amma da abin ya zo kaina sai zuciya ta bushe. Rannan ina tasha a Zariya, sai ga wani makaho da ɗan jagoransa yana rera Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi. Wallahi 'yan uwa, motata ta cika ta tashi ina tsaye.

Shi Malam Namangi mutumin Zazzau ne, makaho ne tun yana yaro, ya rasu a 1990. Sunan waƙar daga Larabci yake, ma'anarsa yayewar ƙunci. Amma ku duba da me ya yaye ƙuncin. Bai ce a manta da mutuwa ba. Ita ya ɗauko ya ajiye a gabanka, da kabari, da hisabi, da ruɗin duniya, sannan ya ja ka zuwa begen Manzo (S). Mai waƙar holewa mantar da kai yake yi, in ganga ta yi shiru damuwarka na nan tana jiranka. Wannan kuwa tuna maka yake yi, cikin harshen da uwarka ta yi maka reno da shi. A nan ne hawayen da suka ƙi zuwa ranar jana'iza suka zo.

Kada wani ya fita ya ce na daidaita waƙa da Alƙur'ani, a'a! Hassanu ɗan Sabitu ya yi waƙa a masallacin Manzo, ba a ce ta zama wahayi ba. Ni dai abin da na sani, daren nan na buɗe Suratul Mulk, na karanta har ƙarshe, na yi wa tsohuwa addu'a, sannan barci ya ɗauke ni har kiran assalatu.