Koyon Rubuta Waƙar Hausa ta Zamani: Matsayin Kunne a Wajen Awon Baiti



Tambayar da ɗalibai suka fi yawan yi mini ita ce, shin waƙa baiwa ce ko kuwa ana koyonta? Amsata ita ce, baiwa tana nan, amma sana'ar tana da ƙa'idoji, kuma mafi yawan waƙoƙin da masu koyo suke kawo mini ba rashin hikima ne yake kashe su ba, karyewar kari ce. A kan wannan nake son in yi magana a yau.

Rubutacciyar waƙar Hausa ta gaji ma'auninta daga arulin Larabci, wanda Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Malaman jihadi, irin su Nana Asma'u da Isa ɗan Shehu, da wannan ma'auni suka yi waƙoƙinsu na ajami. Da boko ya zo, musamman bayan kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, sai jigo ya faɗaɗa. Sa'adu Zungur ya shiga siyasa, Mu'azu Haɗeja ya yi gargaɗi kan zaman jama'a, Aƙilu Aliyu kuwa kusan babu fagen da bai taɓa ba. To, amma dukansu ba su saki awo ba.

Tushen awon nan shi ne gaɓa. Gaɓar Hausa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi. Marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali. Mai nauyi kuwa ita ce mai dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wadda baƙi ya rufe. Alal misali, kalmar tunani tana da gaɓa marar nauyi ɗaya, sai masu nauyi biyu, wato daidai da ƙafar bahari Mutaƙarab. Kalmar kasuwa kuwa mai nauyi ce, da marar nauyi, da mai nauyi, wato ƙafar Mutadarak ke nan. Idan marubuci ya zaɓi ƙafa, wajibi ne ya riƙe ta a kowane ɗango, in ban da sauye-sauyen da aruli ya yarje masa.

A nan ne matsalar ɗan boko take. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali. Gari da ake zama a cikinsa, da garin da ake tuwo da shi, rubutunsu ɗaya ne, amma na farko gaɓarsa ta farko marar nauyi ce, na biyu kuwa mai nauyi. Wanda ya auna baiti da ido kawai, lalle zai yi tuntuɓe. Saboda haka sai ya rera abin da ya rubuta da murya, domin waƙar Hausa don rerawa ake yin ta. Nan kusa da mu, a Musawa, aka haifi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Ba da takarda yake auna waƙarsa ba, da kunne ne da amon kalangu. Irin wannan kunne shi marubuci yake bukata.

Bayan kari sai amsa-amo da tsarin baiti. Shawarata ga mai koyo ita ce ya fara da 'yar ƙwar biyu, ya riƙe harafi ɗaya a ƙarshen kowane baiti. In hannunsa ya faɗa, sai ya matsa zuwa ƙwar biyar, inda ɗango huɗu na farko suke da ƙaramin amsa-amo, na biyar kuma ya ɗauki babba. Daga nan ya gwada tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti na waƙar wani gwani. Wannan hanya ce ta magabata, kuma babu makarantar da ta fi ta, domin tana tilasta wa ɗalibi ya bi karin malaminsa sau da ƙafa.

Ina roƙon malaman Hausa na makarantunmu su riƙa sa yara rera waƙa a aji kafin a shiga nazarin jigo da salo. Yaron da ya haddace baiti ashirin da karinsu, ya riga ya sami ma'aunin da zai auna nasa.