WAYA A HANNUN 'YAN MAKARANTA: Jawabin Akawun Reshe Ga 'Yan Kasuwa

Mun gode da kuka bar rumfunanku kuka zo. Ba za mu tsawaita ba, gama mun ga masu kayan gwari a cikinku.

Abin da ya tara mu yau ƙarami ne a ido, watau wayar hannu. Kwanan baya wata uwa mai sayar da manja ta zo ofis, ta kwance bakin zanenta, sai ga tarkacen waya. Zubin adashi ta yi ta saya wa 'yarta da ke makarantar kwana. Aka kama yarinyar da ita, aka tara ɗalibai a fili, aka sa guduma aka farfasa a gabansu. Ta zo tambaya ko tana da hakki.

To, bari mu fara da inda malamai suka fi mu gaskiya. Yaro in yana da waya a aji, gangar jikinsa ce kawai a wurin. Ku masu yaran shago ai kun sani: mai saye yana tsaye yana ta sallama, yaro ya sunkuya yana latse-latse. In haka ta faru a rumfa da yaro guda, ina ga malami ɗaya da aji cike maƙil? Ga kuma satar amsa, wadda ta sa WAEC da JAMB ba sa barin kowa ya shiga ɗakin jarrabawa da waya. Ba a nan kaɗai ba ne kuwa. Faransa ta yi doka a 2018, ta hana yaran firamare da na ƙaramar sakandare amfani da ita a makaranta. Saboda haka a aji kam, mun yarda a hana.

Amma fa ɗan Faransa ba ya kwana yana sauraron ƙarar babura. A watan Disamba na 2020 aka kwashi yara maza fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. A Fabrairun 2021 aka kwashi 'yan mata 279 a Jangebe. Uwar da ta ji waɗannan labarai, ta kuma daure ta kai 'yarta makarantar kwana, ba sangarta ce ta sa ta sayi waya ba. Ba mu ce waya za ta tare ɗan bindiga ba, ko kusa. Muryar 'yarta take so ta ji domin ta iya runtsawa. Wanda ya hana wayar, lalle ne ya kawo abin da zai maye gurbinta.

Ga abin da muke nema. A bar ɗalibin kwana ya zo da 'yar ƙaramar nan mai tocila, wadda ba ta shiga intanet. A rubuta sunansa, ta zauna a akwati wurin malamin da ke kula da ɗakin kwana, a riƙa ba shi ran Juma'a ko Lahadi ya gai da gida. Wadda aka kama ba bisa ƙa'ida ba, a hori yaro, a rubuta rasit, a miƙa wa uban ran hutu. Kayan uba ne, ba na makaranta ba, kuma guminsa ne. Sa'an nan doka ta hau kan kowa. Kada a fasa ta 'yar mai manja, a sa ta ɗan wane a aljihun tebur a mayar masa da ita da yamma, har da ban haƙuri.

Mun san da yawanku ba kwa zuwa taron iyaye da malamai, don ana sa shi ranar kasuwa, ana kuma yin sa da Turanci. A wannan karo ku je, ko da za ku bar wa maƙwabci rumfa. Ku nemi a yi magana da Hausa, ku nemi a karanta muku dokar waya daga takarda. Wanda yake son a rubuta masa takarda zuwa ga shugaban makaranta, ya same mu a ofis bayan la'asar, ba ko kwabo. Ta mai manja mun riga mun rubuta, gobe da safe za mu raka ta.