Jak Ɗagawa Yake Yi, Ba Ya Riƙe Mota

Yau maganar bas za mu yi, musamman ku da kuke gyara motarku da kanku a ƙofar gida ranar da ba a fita aiki.

Bari in fara da abin da ya same ni. Yayana yana da Toyota Hiace da yake jigila da ita. Wata Lahadi birkin baya ya fara ƙara, na ce masa, "Yaya, bar mini, ba sai an je gareji ba." Na sa giya, na ja hanbirki, na ɗora jak a kan bulo saboda tsayinsa bai kai ba, na ɗaga, na cire taya. Durom ɗin birki, wato ƙarfen nan mai kama da kwano a bayan taya, ya ƙi fita, sai na sauke hanbirki. Na tashi ɗauko guduma ke nan sai na ji ƙaras! Motar ta ɗan mirgina gaba, jak ya karkace, bulo ya ruguje, ta zauna daɓas a daidai inda ƙafafuna suke miƙe ɗazu. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Wani dattijon bakanike a layinmu ya zo ya duba, ya ce, "Yaro, jak ɗagawa yake yi, ba ya riƙe mota." To, wannan ce maganar yau.

Ka gane, Hiace ko ba kaya ta kusa tan 2, da lodi kuma tana kai wa tan 3. Jak ɗin nan mai aiki da mai, ƴar roba ce a ciki take hana man komawa. Idan ta tsufa, sai ya riƙa sauka a hankali kana ƙasa ba ka sani ba. Shi kuma bulo rami ne a cikinsa, ba ya lanƙwashewa ka gani ka gudu, lokaci ɗaya yake fashewa.

To yaya ake yi? Da farko sauke kaya, a fitar da kowa daga motar. Ka nemi wuri miƙaƙƙe mai tauri, kamar daɓen siminti. Idan ƙasa ce ko yashi, shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin jak.

Na biyu, tare tayoyi. Nan na yi kuskure. Hanbirki tayoyin baya kaɗai yake kamawa, ita kuma Hiace da baya take ja, don haka giya ma baya take riƙewa. Da zarar tayar baya ɗaya ta bar ƙasa, giya ta daina amfani. Ka sa katako gaba da bayan tayoyin da suka rage a ƙasa, ka buga shi ya matse.

Na uku, sassauta notocin taya tun motar tana ƙasa. In ka bari sai tana sama, wannan dannawar da za ka yi wa sifana ta isa ta ture ta daga kan jak.

Na huɗu, duba inda za ka kafa jak. Littafin motar ya nuna wuraren da aka ƙarfafa domin haka. Kar ka sa shi a ƙarƙashin kwanon man injin ko tankin mai ko farantin bodi. Ka kuma duba lambar nauyin da aka rubuta a jikinsa, don jak ɗin ƙaramar mota bai dace da bas ba.

Na biyar, wanda ya fi duka: ƙafafun ƙarfen nan da ake dasa mota a kansu. Ka ɗaga, ka sa su a ƙarƙashin shasi ko akasil, ka sauke motar a hankali har ta zauna a kansu. Sannan ka girgiza ta da ƙarfi kana tsaye a gefe. Gara ta faɗi yanzu da ta faɗi kana ciki. Tayar da ka cire ma tura ta ƙarƙashin shasi, ta zama kariya ta biyu.

Kuma don Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota kai kaɗai a gida. A samu babba a kusa, a kori yara daga wurin. Idan ka gama, ka kama notoci da hannu, ka sauke motar, sannan ka ɗaure su sosai kana tsallakawa daga wannan zuwa na ɗaura da shi.

Wani zai ce ƙafafun ƙarfen da tsada. Gaskiya ne, amma je ka tambayi kuɗin ɗorin ƙugu. In ba ka da su, ka ara, ko ka kai gareji mai rami. Ni dai tun ranar ban sake miƙa ko hannu ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai ba.

Ku tura wa duk wani direba ko yaron mota da kuka sani. Allah Ya tsare mu, sai mun haɗu a shiri na gaba.